Kundin gyara: AC ɗin EOD da fankar da ta daina juyawa

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Motar Honda Accord ce ƙirar 2005, mai silinda huɗu, wadda aka fi sani da EOD. Ciwonta shi ne: muddin tana gudu, AC na sanyi har sai an rage shi, amma da an shiga cunkoso sai iskar ta koma ɗumi. Yau na soka ma'aunin zafi irin na firji a ramin iska na tsakiya don in daina dogaro da abin da fatata ke gaya min. A titin Zariya a Kano, bayan Na'ibawa, ina gudun kilomita 80 a awa, ya nuna digiri 8. Da na dawo cikin gari na maƙale a wajen 'Yankura, cikin 'yan mintoci ya hau 24. Ana cikin haka ina jin kulocin kwampuresa yana kamawa yana saki, ƙas, ƙas, ba hutu.

Kafin ƙaramar Sallah an kai ta wurin wani mai AC, ya ce gas ne ya yi ƙasa, ya ƙara. Cikin agogo biyun auna matsin gas, shuɗin kawai ya ɗaura, na layin sanyi, bai taɓa jan ba, na layin zafi. Tun daga ranar abin ya ƙara lalacewa. Wannan kaɗai ya sa na cire ƙarancin gas daga lissafi. Motar da gas ɗinta ya tsiyaye ba ta san titi da gosulo ba, ko'ina ba ta sanyi. Wadda ke sanyi a guje ta ƙi a tsaye, galibi iska ce ba ta ratsa kwandansarta.

Dalilin a fili yake. Kwampuresa yana matse gas ya turo shi gaban mota da zafi, ya shiga kwandansa, wannan siririn ƙarfen da ke gaban lagireto. A nan dole ya zubar da zafinsa ya koma ruwa kafin ya wuce ciki ya yi sanyi. Idan mota na gudu, iskar hanya ce ke wannan aikin kyauta. Idan ta tsaya, sai fanka. Ba fanka, ba zubar da zafi. Matsi ya yi ta hawa har makunnin kariya ya yanke kwampuresa don kada wani abu ya fashe.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Da safe na buɗe bonet, na tada mota, na kunna AC. Fanka biyu ne a bayan lagireto, ta lagireto da ta kwandansa, kuma a wannan motar idan AC na aiki dukansu ya kamata su riƙa juyawa. Ɗaya na ta faman aiki, ɗayar ko gezau. Ƙarar mai aikin ce ke rufa wa 'yar'uwarta asiri. Wanda ya tsaya gaban mota ya saurara zai rantse komai lafiya.

Na kashe mota, na zare makulli, na cire soket ɗin fankar, sannan na juya ta da hannu. Tana juyawa ba tare da tirjiya ba, ba ta goga da komai. Ban cire kan batir ba da gangan, domin rediyon waɗannan motocin yana neman lambar sirri duk lokacin da wuta ta yanke masa, kuma katin lambar bai biyo motar daga Kwatano ba. Cire soket ɗin dai ba a wasa da shi. Fankar wuta tana iya tashi ba sallama, yatsa kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Akwatin fis na cikin bonet yana da zane a murfinsa. Fis ɗin fankar kwandansa mai amfiya 20 ne. Da ido lafiyarsa lau, da mita ma haka, wuta na shiga tana fita ta ɗaya ƙafar. Sai rile, wato makunnin da ke sakar wa fanka wuta idan kwamfutar mota ta ba da umarni. Na fankar lagireto da na kwandansa iri ɗaya ne, masu ƙafa huɗu, don haka na musanya musu gurbi. Da rile ne mai laifi, da ciwon ya koma ɗaya fankar. Bai koma ba. Wadda ke juyawa ta ci gaba, wadda ke tsaye ta ci gaba da tsayuwa. Na kuma ɗora yatsa a kan rilen yayin da ƙanena ke kunna AC yana kashewa, ina jin ƙas ɗinsa kowane lokaci. Ke nan kwamfutar mota na ba da umarni, rile na amsawa. Abin da ya rage yana tsakanin akwatin da fankar: waya, soket, ko injin fankar kansa.

Talata, 8 ga Afrilu

Na kai ta wurin rewaya, wani dattijo da ya daɗe yana duba mana wutar motoci. Ya ɗora kwan gwaji a soket, ya kama. Ya maida soket, ya ɗauko sukundireba, ya ƙwanƙwasa bayan injin fankar da ƙotarta. Sai ga fanka ta yi wani yunƙuri, ta fara juyawa a kasalance, ta ɗan yi gudu, ta sake mutuwa.

"Alhaji, ka gani? Kabon ne ya cinye," in ji shi.

A nan muka yarda da juna. Inda muka rabu shi ne abin da yaronsa ya kawo: wai tunda ɗaya fankar na da ƙarfi, a ja mata waya dairet daga makulli ta riƙa juyawa ba tsayawa, a rabu da matacciyar har sai hali ya yi.

Na ce, "Baba, ai ita ma yanzu ba ta tsayawa in AC na kunne. Me dairet ɗin zai ƙara mata?"

Ya yi dariya ya ce wa yaron, "Ka ji ko? Maida wayarka aljihu."

Maganar dairet ɗin nan ta zama sunna a garejojinmu, kuma ina ganin babu abin da ya kashe fankoki a garin nan kamarta. An ƙera fankar ne ta yi aiki ta huta. A babban titi ba a buƙatarta sam, iskar hanya ta fi ta ƙarfi. Wanda ya ja mata dairet ya sa ta juya daga Kano har Kaduna a banza, kabon na ci, kuma galibi wayar da ake jan ba a sa mata fis, ana murɗa ta a jikin wata a naɗe da salatif. Rannan sai a ji wari a cikin bonet a ce ƙaddara. Mafi muni, dairet ba ya gyara komai. Ainihin ciwon yana nan, an dai toshe bakin da zai faɗe shi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kafin in taɓa fankar na so in san halin da gas ɗin ke ciki, don in sami abin kwatantawa daga baya. Na sami wani mai AC daban wanda ya yarda ya ɗaura agogo biyun. Da azahar ne, zafin gari ya kai digiri 40 ko ya ɗan haura.

Mota a kashe, bayan ta huce, agogo biyun sun tsaya a wajen 130 na ma'aunin psi. Mutane na ganin wannan lambar su ce gas ya cika, ko bai cika ba. Ba ta faɗin ko ɗaya. Gas ɗin R134a a zafin digiri 40 matsinsa wajen 133 ne, ko cikin bututun ya cika maƙil ko rabi ne, muddin akwai ɗan ruwansa a ciki. Zafin rana kawai agogon ke karantawa.

Da aka tada mota aka kunna AC, allurar ja ta fara hawa: 250, 320, 400, ba ta tsaya ba sai da ta kusa 450, kwampuresa ya saki. Honda ta sa makunnin ya yanke a wajen 455, wanda ke nufin gas ɗin cikin kwandansa ya kusa digiri 90. Shuɗin kuwa yana yawo sama da 55, inda ya kamata a gan shi tsakanin 30 da 45. Sai mai AC ɗin ya ɗebo ruwa a buta ya yayyafa a fuskar kwandansa. Nan take jar allura ta rikito ƙasa da 250, ƙanena da ke zaune a ciki ya leƙo ya ce sanyi ya zo. Ruwan ya yi aikin da fanka ta ƙi yi. Gwajin nan ba ya cin ko sisi, kuma da mai AC na farko ya yi shi da bai buɗe gwangwanin gas ba.

Mun bar gas ɗin yadda yake. Na san ya yi yawa, amma ba a daidaita gas a kan motar da fankarta ba ta aiki, domin duk lambar da agogo zai bayar ƙarya ce.

Asabar, 12 ga Afrilu

Cire fankar bai ba da wuya ba: notuna biyu a sama, soket, sai a ɗaga ta daga mazauninta na ƙasa. Baba ya buɗe injin a gabana. Kabon ɗin, wato 'yan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren injin da ke juyawa, sun cinye har sifirin ɗin da ke tura su ya miƙe, jan ƙarfen da suke gogawa ya yi baƙi ya yi kwari, kuma ciki cike da baƙar ƙura. Ya ce zai iya gyaro kabon na wani abu ya sa, ya goge jan ƙarfen da sanfefa. Ya kuma faɗi gaskiya, cewa da kwarin nan ba zai yi min alkawarin ta ga damina ba. Na zaɓi nemo wata.

A Ƙofar Ruwa na tafi da tsohuwar a hannu, kuma hakan ya yi rana. Waɗannan motocin wasu da lagireton Denso suka zo, wasu da na Valeo, kuma fankokinsu ba lallai su hau gurbin juna ba. Wadda aka fara miƙo min da ido kamar ita ce, sai da muka jera su muka ga ramin noti ya kauce. Akwai sabbi a kwali masu araha, akwai 'yan Beljiyom da aka ciro daga motocin da aka farke. Na ɗauki 'yar Beljiyom, amma sai da aka jona ta a batir. Abin da na duba: ta tashi nan take ba tare da an taɓa ta ba, ba kuka, ba rawa a sandar tsakiya, kuma iskar na fita ta bayanta, ɓangaren da zai fuskanci injin mota. Na ƙarshen yana da muhimmanci. Injin irin wannan idan aka juya masa waya, da baya zai juya, ya riƙa tura iskar injin mai zafi zuwa gaba. Zai yi ƙara, a ga yana juyawa, kowa ya gamsu, AC kuwa ya fi da lalacewa.

Da yamma muka ɗaura. Ta tashi tare da 'yar'uwarta. Na manna takarda a gaban kwandansa, iska ta riƙe ta.

Litinin, 14 ga Afrilu

An samu sauƙi amma ba a warke ba. A cunkoso yanzu digiri 16 zuwa 17, kwampuresa ya rage yawan yankewa, bai daina ba. Abin da ya tsaya min shi ne sautin fankar. A kasuwa, kan batir, kukanta ya fi haka kaifi.

Na koma kan mita, wannan karon fanka na aiki. A kan batir bolt 13.9. A bayan soket, ɓangaren da waya ke shigowa, 13.5, wanda ba laifi. A ɗaya ɓangaren, wayar da ta shiga fankar, 11.2. Sama da bolt biyu na ɓacewa a cikin soket ɗin da bai fi babban yatsa ba. Na kashe mota na taɓa shi, da zafi. Da na haska ciki da tocila, bakin ƙarfen da ya kamata ya cije ƙafar fankar ya buɗe, ya yi launin toka, robar gefensa ta ɗan narke.

Wannan ne ya sa kwan gwajin Baba bai kama shi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ɗan kwan nan wutar da yake ja ba ta taka kara ta karya ba, ko ta silin waya ɗaya za ta wuce ya haska. Mita ma haka, in ba kaya a kan layin za ta nuna maka bolt cikakke. Fanka kuwa amfiya bakwai ko takwas take ja, kuma sai an ja irin wannan wutar mugun haɗi ke nuna kansa. Wanda ba shi da fankar gwaji ya sa kwan fitilar gaba mai wat 55 a madadinta, yana jan sama da amfiya huɗu. In ya yi ja-ja maimakon fari, akwai inda wuta ke maƙalewa. Zatona tsohon injin ne ya gasa soket ɗin a watannin da ya yi yana tashi yana faɗuwa, ko da yake zai yiwu soket ɗin ne ya fara.

Na auna wayar at ma, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, daga soket zuwa kan batir na nagetib. Asarar 0.4. Mun kwance notin da ya ɗaure ta a bodi, muka kankare tsatsa, ta dawo ƙasa da 0.1.

Na yi sa'a, mai shagon Ƙofar Ruwa ya yanko fankar da gutsuren wayarta da soket ɗinta na asali. Baba ya yanke ƙonannen, ya haɗa wannan da dalma, ya rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta. Yanzu 13.4 ke isa fankar, kuma an ji bambanci a kunne.

Asabar, 19 ga Afrilu

Hutun Ista ya ba ni sarari. Na kwance maɗauran lagireto na sama na ɗan tura shi baya don in leƙa tsakaninsa da kwandansa. Abin da ke wurin ya isa a shuka gero: ƙurar hunturun da ta wuce ta daskare, busassun ganyen darbejiya, gashin kaza, da ledar fiya wata guda da ta manne a ƙasa. Daga waje ba a ganin ko ɗaya.

Na wanke da tiyo, ruwa mai laushi, daga baya zuwa gaba don dattin ya fita ta inda ya shigo. Injin feshin masu wankin mota ba na nan ba ne, yana kwantar da siraran ƙarafunan kwandansa, kuma ƙasan tawa ya riga ya sha wannan. Na miƙe abin da zan iya da ɗan tsinke. Soson da ke toshe gefe tsakanin kwandansa da lagireto ya ruɓe ya zube. Idan babu shi fanka na zuƙo iska ta gefe maimakon ta cikin kwandansa, wani lokaci ma iskar da ta riga ta yi zafi. Na yanko sabon soso na manna.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ranar gas. Akwai takarda manne a cikin bonet da ta faɗi nau'i da nauyi: R134a, giram 500 zuwa 550. Rabin kilo ke nan da ɗan ɗori, tazarar da aka yarda da ita giram 50 kacal. Ban ga yadda mutum zai cika wannan da taɓa bututu da tafin hannu ba, amma haka ake yi a yawancin wurare.

Da fanka biyu na aiki da kwandansa a wanke, jar allura ta tsaya wajen 310. Ta daina kaiwa ga yankewa, amma ta yi sama. Na nemi shago mai injin zuƙe gas da sikeli, don ba na son a buɗe shi a iska kamar yadda aka saba. Gas ɗin nan yana cikin masu ɗumama duniya, kuma hucinsa na ƙona fata da sanyi. Abin da injin ya zuƙo ya haura giram 700. Ƙarin da aka yi kafin Sallah ke nan, a kan motar da ba ta rasa komai ba. Gas ɗin da ya wuce kima yana taruwa a ƙasan kwandansa a matsayin ruwa, ya cinye filin da ya kamata a zubar da zafi.

Aka ja bakyum, wato zuƙe iskar da ke cikin bututu, na rabin awa, aka rufe, muka zauna muna kallon allura. Ba ta motsa ba, alamar babu yoyo. Mai shagon ya so ya ƙara mai a kwampuresa "don ya ji daɗi". Na tambaye shi nawa injin ya fitar tare da gas ɗin, ya nuna min ɗan kaɗan a kwalba, na ce to iyakar wannan za a mayar. Mai ma in ya yi yawa yana shafe cikin bututu ya rage sanyi. Aka ɗora tukunya a sikeli aka zuba giram 525.

Sakamako a tsaye, ƙofofi a rufe, zafin waje kusan ɗaya da na ranar 10 ga wata: shuɗi 38, ja 235, ramin iska digiri 11. Siririn bututun da ke fita daga kwandansa ɗumi ne kawai, ana iya riƙe shi, wanda a da ba ya taɓuwa.

Asabar, 3 ga Mayu

Na bi ta 'Yankura da rana tsaka, cunkoson ya fi na ranar farko. Digiri 11 zuwa 12 a tsaye, 7 a titi. Soket ɗin ba ya zafi. Ɓangaren kwandansa na rufe shi.

Sai dai aikin ya tono wasu biyu. Na ari mitar da ake maƙalawa a waya na auna abin da kowace fanka ke ja. Sabuwar na kan amfiya 7 da ɗan kai, a tsaye cak. Ta lagireto lambarta na rawa, tana hawa tana sauka, kuma idan aka kashe mota tana ƙarasa juyi da ɗan kuka. Shekarunsu ɗaya da wadda ta mutu, ga shi ta yi watanni tana ɗaukar kayan biyu. Zan ciro ta a buɗe a ga kabon kafin ta zaɓi ranar da kanta, domin ita idan ta tsaya ba gumi kawai za a yi ba, gasket ne zai tafi.

Na biyun, allurar zafin inji tana daɗewa ba ta tashi ba da safe, kuma a babban titi tana komawa ƙasa. Baba ya taɓa tiyon lagireto na sama jim kaɗan bayan an tada mota ya ce, "Alhaji, wannan an cire mata tamostat tun kafin ta zo hannunka." Tamostat shi ne ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi zafi. Na ba da saƙon a nemo na asali da robarsa, da ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya da ke ciki yanzu. Tunda sai an zubar da ruwan kafin a sa shi, za a haɗa da cire fankar lagireto a yi su rana ɗaya, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.